Yadda Ake Ladabtar da Yaro Ba Tare da Bulala Ba, a Gida da Makaranta

Abin da ya sa iyaye da malamai ba sa son rabuwa da bulala shi ne saurinta. Yaro yana ɓarna, an tsula masa biyu, ya daina nan take. Sai dai duk mai riƙon yara ya san sauran zancen. Yaron da aka doka ranar Asabar don ya tafi wanka kududdufi shi za a sake kamawa ranar Laraba da laifin nan dai, illa dai yanzu ya koyi tsayawa a rana wandonsa ya bushe kafin ya shigo gida.

A shekarar 2016 wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara sakamakon bincike 75 da aka gudanar cikin shekara 50 a kan yara fiye da 160,000. Ba ma dukan kawo-wuƙa suka duba ba, ɗan bugun ɗuwawu da tafin hannu kawai. Sun tarar cewa yawan bugun yana tafiya tare da ƙarin taurin kai, faɗa da 'yan'uwa, da damuwar zuciya, kuma ba su ga ya kawo ɗorarriyar biyayya ba. Tun a 1377 Ibn Khaldun ya rubuta kusan haka a Muƙaddima: wanda aka rena da tsanani kasala takan kama shi, ya koyi ƙarya da yaudara, saboda tsoron hannun da ke kansa.

Abin da ke gyara halin yaro shi ne ya tabbata cewa duk lokacin da ya yi abu kaza, abu kaza zai biyo baya, yau da gobe da jibi, ko Baba yana cikin fara'a ko ransa a ɓace. Ƙaramin hukunci da ba ya fashi ya fi babba mai zuwa jefi-jefi. Wannan hanya ta fi duka wahala a makonnin farko, gara a san da haka tun yanzu.

Ƙi ya yi, ko kasawa?

Yara da yawa suna shan duka a kan abin da ba su da iko da shi, kuma babban misali shi ne fitsarin kwance. Likitoci ba sa ɗaukarsa matsala kafin shekara 5, yara da dama kuma sukan kai 7 ko fiye suna yi, musamman in uwa ko uba sun yi a ƙuruciya. Yaron barci yake, bai san ya yi ba. Duka da waƙar amalala ba sa ƙara masa komai sai fargaba. Abin yi shi ne a rage masa ruwa da shayi awa ɗaya zuwa biyu kafin kwanciya, ya yi fitsari daf da zai kwanta, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin zani, da safe ya taya wanke shimfiɗar ba tare da gori ba. A duba ko yana fama da taurin bayan gida, domin cikakken hanji yana danne mafitsara. Mai ciwon sikila kuwa ba a rage masa ruwa ko kaɗan. Ƙodarsa ce ba ta iya riƙe ruwa yadda ya kamata, shi ya sa fitsarin kwance ya yi yawa a cikinsu, kuma ƙishirwa tana tayar masa da ciwo. In yaro ya yi wata 6 a bushe sannan ya koma yi, ko yana kukan zafin fitsari, ko yawan ƙishirwa da rama, asibiti za a kai shi.

Haka yaron da ake cewa ba ya ji. Wani da gaske ba ya jin, kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa. Wanda ke kwafo shirme daga allo yana ƙanƙance ido, tabarau yake bukata. Akwai kuma wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da mutum: yaro ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu, a kira shi bai amsa ba, sai ya dawo hayyacinsa kamar ba a yi komai ba, sau da yawa a yini. Irin wannan yakan sha mari a kan raini alhali magani yake nema. Sai yunwa da barci. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13, ɗan 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12. Yaron da ya kai sha ɗayan dare a gaban talabijin aka tashe shi da asuba, rigimarsa ta yamma ba rashin tarbiyya ba ce.

A kuma raba kuskure da ganganci. Kofi ya suɓuce ya fashe, kuskure ne, sai a ba shi tsintsiya. Ya ɗauka ya jefi ƙanwarsa da shi, wannan ne laifi.

Dokar gida da yadda ake ba da umarni

Dokoki su zama kaɗan, uku zuwa biyar, waɗanda ƙaramin cikin yaran zai iya lissafowa. A faɗi abin da ake so a yi. "Ka zama yaron kirki" ba doka ba ce, don yaro bai san daga ina zai kama ba. "Kowa ya shigo gida kafin kiran magariba", "ba a dukan ɗan'uwa, a kawo ƙara", "in an aike ka ka kawo canji", waɗannan ana iya gane an bi ko an karya. Uwa da uba su daidaita a kansu a bayan idon yara, su kuma yanke hukuncin kowace tun kafin a karya ta. Hukuncin da aka yanke cikin fushi kusan kullum yakan wuce kima.

Yawancin dukan cikin gida daga umarnin nesa yake farawa. Uwa tana madafa tana tuƙa tuwo, Abba ɗan shekara 4 yana wasa da ruwan randa. Ta ɗaga murya: "Abba, bar ruwan nan!" Ya ci gaba. Ta sake, ta sake, har sau biyar, kowanne ya fi na baya ƙarfi. A na shida ta taso da muciya. Abin da Abba ya koya shi ne kira biyar na farko ba su da wani nauyi, sai ya ji ƙarar takalmi. Ga yadda ya kamata ta kasance: ta sauke tukunya, ta zo kusa da shi, ta rage tsawo, ta dafa kafaɗarsa. "Abba, rufe randar, ka ajiye moɗa." Umarni ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. Ta yi shiru ta ƙirga goma a zuci, don ƙananan yara suna ɗaukar lokaci kafin magana ta zama aiki. In ya yi, "Yawwa, ka rufe da kanka, Allah ya yi maka albarka." In bai yi ba, gargaɗi ɗaya tak: "In ba ka rufe ba za ka zauna a tabarma." Ta sake ƙirga goma, sannan ta cika alkawari. Duka-duka bai kai minti biyu ba.

Ba sai an tilasta wa yaro ya kalli tsabar idon babba ba, tunda mu da kanmu muke koya masa sunkuyar da kai. Ya isa ya tsaya da abin da yake yi ya juyo.

Yabo shi ne rabin aikin, kuma shi muka fi sakaci da shi. Yaro in ya zauna lafiya ba mai kula shi, sai ya yi ɓarna gida ya ɗauka. Da sannu sai ya gane ta inda ake samun hankalin manya. A riƙa kama shi yana yin daidai, a ambaci abin da ya yi da sunansa: "Na ga ka raba wa ƙanenka ƙosai." A yi ƙoƙari yabo ya ninka faɗa sau da yawa a kowace rana. Uwar da kunyar ɗan fari ta hana ta yabonsa a gabansa tana iya faɗa wa mahaifinsa ko kakarsa inda yaron zai jiyo. Yabon da aka jiyo daga bayan labule yakan ma fi shiga.

Hukunci gwargwadon shekaru

Ƙasa da shekara 2 babu maganar hukunci. Ana ɗauke yaro daga abu, ko a ɗauke abu daga gabansa, a ba shi wani. Aikin na manya ne: murfi a rijiya, kananzir da fetur kada a zuba su a robar lemo, fiya-fiya da maganin ɓera a sama can, murhu a killace. Kuma ba a girgiza jariri, komai kukansa. Kansa ya fi ƙarfin wuyansa, girgiza ta 'yan daƙiƙu tana iya tsinka jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, ta jawo makanta, shanyewar jiki ko mutuwa. Wadda kuka ya kai ta maƙura ta kwantar da shi a wuri mai aminci ta fita tsakar gida na minti biyar, ko ta miƙa wa wata. Fizgar ƙaramin yaro ta hannu ɗaya ma tana gocar da gwiwar hannu.

Daga shekara 2 zuwa 4 lokacin birgima ne. In ba zai ji ciwo ba, a ƙyale shi ya yi, a ci gaba da aiki kusa da shi, ba lallashi ba tsawa. Babban kuskure shi ne a hana alewa, ya yi birgimar minti goma, sannan a ba shi don a huta. An koya masa ke nan cewa farashin alewa minti goma ne.

Daga shekara 3 zuwa wajen 7, zaman tabarma yana aiki sosai in an yi shi daidai. A ware wuri guda da babu abin wasa, inda ake ganin yaron: kusurwar rumfa ko gefen falo. Ba ɗaki mai duhu ba, ba banɗaki ba, ba a kulle ƙofa, ba a kiran dodo. Tsawon zama minti ɗaya ne ga kowace shekara, ɗan shekara 4 minti 4. A faɗi dalili a jimla ɗaya, "Ka ciji Ummi, zauna", a sa agogon waya, kowa ya janye masa. In ya tashi a mayar da shi ba magana. Ranar farko ana iya mayarwa sau goma ko fiye, nan ne mafi yawan iyaye ke sarewa su koma wa bulala. In lokaci ya cika, ya je ya yi abin da aka ce tun farko, ko ya ba wanda ya zalunta haƙuri, shi ke nan magana ta mutu. Kada a mayar da tabarma maganin kowane laifi. A keɓe ta ga biyu ko uku, kamar duka, cizo, da ƙin umarni bayan gargaɗi.

Daga 7 zuwa 12, hukunci ya fito daga jikin laifin. Ya zubar, ya goge. Ya bar keke a waje, keke ya kwana biyu a ɗaure. Ya fasa gilashin maƙwabta da ƙwallo, shi zai je da ƙafarsa ya ba da haƙuri, uban yana tsaye a bayansa. Ya cinye canjin aike, a riƙa cire rabin kuɗin tararsa har ya biya. Rabi aka ce, don in an ɗauke duka zai yini da yunwa, yunwa kuma ita za ta sake kai hannunsa ga canji. Hani ya zama gajere, yini ɗaya zuwa uku. "Ba ka ƙara fita sai bayan wata guda" ba mai iya tsare ta, ranar huɗu za a manta, yaron kuma ba zai manta cewa an manta ba.

Ƙarya tana son dabara. Kada a yi tambayar da aka san amsarta. In an ga sukari a bakinsa, "Kai ka sha?" gayyatar ƙarya ce. A ce, "Na ga ka sha sukari, zo mu yi magana." A kafa ƙa'ida a gida cewa wanda ya faɗi gaskiya da kansa hukuncinsa rabi ne, a kuma tsaya a kanta ko da gaskiyar ta yi ɗaci. Imam Gazali ya ba da shawara mai amfani a nan: in yaro ya yi laifi karon farko yana ƙoƙarin ɓoyewa, a kau da kai kada a tona shi, in ya maimaita a yi masa faɗa a asirce, kuma kada faɗa ya yi yawa har kunnensa ya saba.

Matashi kuwa, daga 13 zuwa sama, zama ake yi da shi a yi yarjejeniya: lokacin dawowa gida, lokacin ajiye waya, abin da zai biyo baya in an saɓa. Abin da aka sa bakinsa a ciki ya fi kiyaye shi. Faɗa a gaban ƙannensa ko abokansa ba ya haifar da komai sai gaba. Dukan ɗan shekara 16 yakan ƙare da ɗayan biyu, ko ya riƙe bulalar, ko ya koma kwana a shagon abokai. In shaye-shaye ne, kodin ko tiramol ko sholisho, lamarin ya zama na likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau a Kano. Kafin a miƙa yaro gidan mari a tuna abin da 'yan sanda suka tarar a unguwar Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019: mutum fiye da 300, manya da yara, da yawa a ɗaure da sarƙa, jikinsu duk tabo.

Inda ake samun matsala

Abu na farko da zai faru in an ajiye bulala shi ne yaro zai ƙara lalacewa na ɗan lokaci. Gwaji yake yi, yana son ya ga ko sabuwar dokar tana da ƙafa. A ba tsarin mako biyu zuwa huɗu kafin a ce bai yi ba, kuma a fara da hali ɗaya, wanda ya fi damun gida, kada a ɗauko goma a lokaci guda.

Barazanar da ba za a cika ba tana zubar da girman magana. "Zan yanka ka", "sai na karya ka", yaro ya san ba za a yi ba. "Bari babanka ya dawo" ita ma tana da illa biyu: tana nuna uwa ba ta da iko, sannan ƙaramin yaro ba ya iya haɗa laifin hantsi da hukuncin bayan isha'i. Wanda ya ga laifi shi zai hukunta, a lokacin.

A babban gida, kaka takan warware abin da uwa ta ɗaura. A same ta cikin ladabi a keɓe, a roƙe ta abu guda: in yaro yana kan tabarma ta bari lokaci ya cika, bayan nan ta lallashi jikanta yadda take so. A gidan da mata suka fi ɗaya, doka ɗaya ce ga 'ya'yan kowane ɗaki, da ɗan riƙo, da maraya, da 'yar aiki. Yara suna lura da bambanci fiye da yadda manya ke zato, kuma wanda ya ga ana danne shi ba ya ɗaukar hukunci a matsayin gyara.

Wasu in sun bar duka sai su koma zagi. "Shege", "jaki", "ba za ka yi albarka ba" suna daɗewa a zuciya fiye da shatar bulala a baya, kuma hadisi a Sahihu Muslim ya hana yi wa 'ya'ya mugun baki. A soki aikin, a bar yaron. Hana abinci, sa barkono a ido ko a gaba, ƙona hannu don an ɗauki nama, ɗaurewa da igiya, waɗannan azabtarwa ce, kotu ma haka take kallonsu.

Sai fushin babba, wanda shi ne ainihin mai riƙe da bulalar. In zuciya ta taso a jinkirta: "Je ka zauna, zan kira ka." Sunna ta koyar da cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Minti goma sun isa a dawo da hukuncin da aka tsara tun farko.

"Ai addini ya ce a doke su"

Hadisin da ake kafa hujja da shi yana cikin Abu Dawud: a umarci yara da salla suna da shekara 7, a buge su a kanta suna da 10. A lura da tazarar. Shekara uku na koyarwa, salla fiye da 5,000, kafin a zo maganar bugu, kuma a kan salla. Babu hujjar marin ɗan shekara 4 a ciki. Nana A'isha ta ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Da hannun Umar ɗan Abu Salama ya riƙa yawo a akushi, gyaran jimla uku ne: ambaci sunan Allah, ci da dama, ci gabanka.

Malaman da suka halatta bugu ma sun ɗaure shi da sharuɗɗa. Muhammad ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na birnin Ƙairawan, a Tunisiya ta yau, da ya rasu a 870, ya rubuta wa malaman yara cewa kada a wuce bulala uku a kan karatu, kada a taɓa kai ko fuska, kada a hana yaro abinci da abin sha, kada malami ya yi duka don huce haushinsa. Duk wanda ya auna dukan da ake yi a gidajenmu da makarantunmu da wannan ma'auni zai ga kaɗan ne ƙwarai zai tsallake.

Ta fuskar doka, sashe na 55 na kundin Penal Code na Arewacin Najeriya ya bar wa iyaye da malamai damar gyara, amma ya cire duk abin da ya kai ga mummunan rauni, da abin da ya wuce hankali in an duba shekaru da lafiyar yaron, da hukunta wanda ƙanƙantarsa ba ta bari ya gane dalili ba. Karaya, fitar haƙori, asarar ido ko ji, duk laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Kamaru ta hana duka a makarantu a dokar ilimi ta 1998, hukumar ilimi ta Gana ta hana a 2017. Suwidin ce ta fara haramta shi har a cikin gida a 1979, a Afirka kuma Togo ta bi a 2007, Kenya a 2010, Benin a 2015.

A cikin aji

Malamin da ke gaban yara 80 ko 100 zai ce duk wannan zancen masu 'ya'ya uku ne. Yana da gaskiya cewa aikinsa ya fi wuya, amma yawancin surutun aji daga zaman banza yake tasowa. Minti biyar na farko su ne masu hatsari, don haka a rubuta ɗan aiki a allo tun kafin a fara kiran suna. A makon farko na zango a tsara dokoki huɗu ko biyar tare da ɗalibai a manna a bango. A koya musu alamar shiru guda ɗaya, kamar tafi uku da za su amsa da biyu, a yi ta gwadawa har ta zauna. Malami ya riƙa zagayawa tsakanin layuka. Tsayuwa kusa da mai surutu ana ci gaba da bayani takan kashe maganar ba tare da an tsayar da darasi ba. Masu rigima su dawo gaba, a raba su.

Ga manyan azuzuwa akwai wata dabara da aka fara gwadawa a wata firamare a jihar Kansas ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma maimaita ta a ƙasashe da dama. A raba aji rukuni-rukuni bisa layin zama, a rubuta sunayen rukunan a gefen allo. A sanar cewa wasa ya fara, na minti 10. Duk wanda ya karya doka, a ja wa rukuninsa layi ɗaya, ba tsawa ba dogon bayani. In lokaci ya cika, duk rukunin da layinsa bai wuce huɗu ba ya ci, ko da duka ne. Lada ba sai ta kuɗi ba: su fara fita tara, a tafa musu, su zaɓi waƙar tashi. A fara da sau uku a mako, a riƙa ƙara tsawon lokacin. Matsala biyu kan taso. Wani yaro zai riƙa ɓata wa rukuninsa da gangan don a yi dariya, sai a mayar da shi rukunin kansa shi kaɗai na 'yan kwanaki. Wasu kuma za su so su rama a kan wanda ya jawo musu faɗuwa, don haka tun farko a sa tsangwama cikin abin da ke jawo layi.

Hukunci ya zama hawa-hawa, kowa ya san shi: kallo, gargaɗi a hankali, sauya wurin zama, riƙewa minti 10 daga lokacin tara (a bar masa sauran ya ci abinci ya zaga), rubutawa a littafin ladabtarwa da kwanan wata, kiran iyaye, sannan hedimasta. Littafin nan yana da amfani fiye da yadda ake zato, don shi ke nuna cewa yaro kaza kullum ranar kasuwa yake fashi, ko a darasin lissafi kaɗai yake rigima.

Ba a hukunta kuskuren karatu. Yaron da aka doka don ya faɗi amsa ba daidai ba ya daina ɗaga hannu, malami kuma ya rasa hanyar sanin inda aka tsaya. Haka a Islamiyya da tsangaya: wanda hadda ta ƙi zama masa a rage masa, aya uku maimakon goma, a haɗa shi da wanda ya fi shi su yi ta bita, a saurare shi a gefe in idon jama'a ke ruɗa shi. Kada a ba monita, firifet ko gardi bulala. Yaro ba ya sanin iyaka, kuma takardar masu surutu takan zama hanyar karɓar cin hancin gyaɗa da ramuwar faɗan unguwa.

Dukan 'yan makara a bakin ƙofa yana da sakamakon da ba a lissafa shi: wanda ya ga ya makara sai ya fasa shiga, ya laɓe a kango har a tashi. A bar shi ya shiga, a rubuta sunansa, ya biya lokacin bayan tashi da shara ko ban ruwan shuka. In ya maimaita sau uku a nemi dalili. Sau da yawa talla ce, ko ɗibar ruwa, ko makarantar allo ta safe da ba a tashi da wuri, kuma waɗannan da iyaye ake warware su. Kuɗin makaranta ma haka, bashin uba ne, ba na yaro ba.

Tsallen kwaɗo, kamun kunne, hawa babur da durƙuso a rana duk azabar jiki ce ko da ba a ɗaga bulala ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, kuma a aji mai yara 80 malami ba zai san duk mai sikila, asma ko ciwon zuciya ba. Rabin awa a cikin zafin ranar watan Afrilu ta isa ta kwantar da irin wannan yaro a asibiti.

In an riga an ji wa yaro ciwo

A kai shi asibiti a ranar, ba sai gobe ba, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: amai, magagi ko yawan barci bayan bugu a kai, jini ko ruwa daga kunne, ko raguwar ji bayan mari, don mari yana fasa dodon kunne, jan ido, ciwo ko dishi-dishi bayan bakin bulala ya taɓa ido, ciwon ciki bayan naushi ko shuri, musamman ta hagu, inda saifar da zazzaɓin cizon sauro ya kumbura take saurin fashewa, hannu ko ƙafar da yaro ya ƙi motsawa, fitsari mai launin shayi bayan duka mai yawa, alamar naman jiki ya dagargaje yana toshe ƙoda. Kada a ɗiga komai a kunne ko ido, kada a kai wa mai ɗori kafin a ɗauki hoto. A gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru, domin "faɗuwa ya yi" tana sa a nemi ciwo inda ba ya nan.

In a makaranta abin ya faru, a ɗauki hoton raunin da waya, a adana katin asibiti da rasit. Kada uba ya tafi da zuga ya rama a kan malami, wannan yana mayar da mai gaskiya mai laifi. A rubuta ƙorafi ga hedimasta a riƙe kwafi, a sanar da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin kula da makaranta. In ba a ɗauki mataki ba, firamaren gwamnati tana ƙarƙashin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, sakandare da makarantu masu zaman kansu kuma ma'aikatar ilimi ta jiha. Rauni mai tsanani na 'yan sanda ne kai tsaye. In kuma a gidan maƙwabta ake jin ihun yaro kullum, a fara da mai unguwa ko limami, in abin bai tsaya ba a kai ga ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, wadda ke da ofis a jihohi kuma ba ta karɓar kuɗi a kan ƙorafi.